Jar Igiya a Wuyan Kyamarar Kawu

Laifin babban yatsana ne, na hannun dama. A bayan kyamarar da nake aiki da ita akwai wata 'yar taya mai haƙora. Idan ka murza ta hagu hoto ya yi duhu, idan ka murza ta dama ya yi haske. Ranar da aka kira ni biki a Gwiwa na tsaya a hanya na ɗauki wani raƙumi da ya yi mini kallon raini, na manta ban kashe kyamarar ba, na koma bayan ɗan acaɓa. Shi kuwa ɗan acaɓan nan, na rantse tun da aka haife shi bai taɓa ganin rami ya kauce masa ba. Duk ramin da muka faɗa sai na ƙanƙame kyamara a ƙirjina, yatsan nan yana kan taya yana murzawa hagu, ni ina can ina salati.

Haka na wuni ina ɗaukar hoto. Na leƙa allon baya sau da yawa, na ga duhu, na ce ai hasken rana ne ya hana ni gani. Ina ta ba da umarni kamar wani babban soja: ke matso, ke ɗaga haɓa, Baba a daina tauna goro tukuna.

Da na kai aikin shagon wankin hoto a Kazaure, mai shagon ya ɗaga na farko ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa.

Ya ce, "Wutar gari ce ta ɗauke ana tsakiyar bikin?"

Na ce, "A tsakar gida aka yi, da rana tsaka."

Ya ce, "To Allah ya ba ka sa'ar uwar amarya."

Amaryar nan an yi makonni ana dirza mata dilka da kurkur, har ta koma kamar sabuwar ƙwarya. A hotona babu abin da ya rage nata sai haƙora da 'yan kunne. Ƙawayenta da suka yi anko sun zama wata doguwar katanga mai idanu. Da na miƙa wa uwar amarya ambulan, ta zaro ɗaya, ta duba, sannan ta kira maƙwabciyarta ta katanga.

"Zo ki taya ni gani. Wannan 'yata ce ko gindin tukunya?"

Kafin mako ya zagayo, babu gidan da labarin bai shiga ba daga Gwiwa zuwa Roni. Mata ba sa buƙatar rediyo. Aka ce yaron nan mai kyamara yana baƙanta amare. Wata ma ta ce ta ga amaryar da idonta bayan biki, kuma wallahi ta ƙara duhu, hoton ne ya kama ta.

Kyamarar ba tawa ba ce tun asali, ta Kawu ce, ƙanin Umma. Ya yi shekaru yana yawo da ita daga Roni har Babura, yana tsallakawa Nijar ɗaukar suna da biki, kafin yanar ido ta rufe masa gani. Da ya ga ya fara yanke wa mutane kai a hoto, sai ya kira ni ya ɗora mini jakar a cinya. A ciki akwai kyamarar, da gajeren gilashinta, da wani dogon gilashi kamar taɓarya wanda ya sayo a hannun wani mutumin Nijar. Da wannan dogon kana iya tsayawa a bakin zaure ka ɗauko kwalliyar idon amarya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu yakan ce in kawo masa shi. Ya hura masa iska, ya goge da wani tsohon ƙyallen rawani, ya ɗaga shi sama kamar yana gani, sannan ya ce, "Yanzu ya fita." Ko sau ɗaya ban taɓa ce masa dama a fite yake ba.

Su kuwa masu hoto na garinmu, Allah ya shirye su. Kashi biyu suke, don kamfanonin da ke yin kyamarorinmu biyu ne. Ba zan faɗi sunayensu ba tunda ba su biya ni talla ba. Ɗaya igiyar rataya kyamararsa ja ce, ɗayan kuma ruwan ɗorawa. Gilashin wannan ba ya shiga bakin waccan, kuma masu su ma haka suke, maganar wannan ba ta shiga kunnen wancan. Akwai benci a ƙofar shagon wankin hoto, nan suke wuni, 'yan ja a gefe guda, 'yan ɗorawa a gefe guda, suna musu kamar kakanninsu ne suka ƙera kayan. Mutumin da bai iya daidaita mutum uku a hoto ba tare da ya bar ɗaya babu kunne ba, shi ne zai yi maka wa'azi a kan wace kyamara ta fi. Ta Kawu ruwan ɗorawa ce, saboda haka ni ɗan ɗorawa ne tun ban san ina da jam'iyya ba.

Limamin 'yan ja wani mutum ne daga Babura. Yana sa riga mai aljihu kamar goma sha, duk babu komai a ciki sai tsinken sakace. Ya taɓa zama a Kano na ɗan lokaci, kuma bai yafe wa kowa wannan ba. Ba ya cewa ya ɗauki hoto, sai dai ya ce ya yi aiki. Shi ne ya fara karɓar hoton amaryar Gwiwa daga hannun mai shago, ya riƙe da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya zaga da shi benci.

Ya ce, "Kada kowa ya zagi yaron nan. Ba laifinsa ba ne. Ɗorawa ba don fatarmu aka yi ta ba. Ita baƙar fata take gani ta ƙara mata baƙi. Ja kuwa, ko gawayi ka sa a gabanta sai ta fito da shi da kwarjini."

Wani ɗan ɗorawa ya ce, "Ƙarya kake, Malam."

Ya ce, "To ga shaida a hannuna, kai ina taka?"

Ni da kaina na ji daɗin wannan fatawa. Mutum ya ce ba laifinka ba ne, ai ba ka tsayawa bincike. Nan take na fara kallon kyamarar Kawu da ƙyama. Na tuna duk hoton da ya taɓa lalace mini, har wanda akuya ta shiga gaba, na ɗora mata.

Ba a benci ya bar maganar ba. Duk gidan bikin da ya je sai ya tara mata ya yi musu bayani, har ya zama idan za a kira mai hoto tambaya ɗaya ake yi: igiyarsa wace kala ce? Matan da ba su san inda ake danna kyamara ba sun zama masana. Waya ta daina shigo mini. Har wata gwaggona ta jini ta yi suna ta kira ɗan ja, ta aiko mini da waina a kwano don kada in ji haushi. Na ci wainar, amma na ji haushin.

Sai mutumin Babura ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Ɗan ƙanena, ina tausayinka. Ina da wata ja a gida, ta ɗan tsufa amma lafiyarta lau. Kawo taka da gilasanta duka, in ba ka ita. Ai gilasan ba za su yi maka amfani ba in ka dawo cikinmu."

Na ce, "Oga, kai da ba ka son ɗorawa, me za ka yi da su?"

Ya ce, "Taimako ne kawai. In kai Kano in ga ko akwai wanda tsautsayi zai faɗa wa."

Yana faɗin haka yana shafa dogon gilashin Kawu kamar mai taya rago. Na ga hannun nan, na kuma gane abin da hannun ke faɗa, amma ina so in koma shiga gidajen biki. Akwai babban biki da ke tafe a Roni, na 'yar wata Hajiya wadda idan ta yaba maka ka gama samun aiki a yankin, idan ta kushe ka kuwa gara ka koma sayar da rake. A da Kawu ne mai hoton gidanta. Ta aiko cewa tana so ta riƙe zumunci, kuma ni ne yaron da za a iya bari ya shiga cikin mata, amma ba za ta yarda a mayar mata da 'ya gindin tukunya ba. In na sauya zuwa ja, in zo. In ban sauya ba, in gaida Kawu.

Na je na sami Kawu a zaure yana jan carbi. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen zamani, na kawo zancen fata, na maimaita duk abin da mutumin Babura ya faɗa kamar ni na ƙirƙiro. Kawu ya bari na gama.

Ya ce, "Har da dogon?"

Na ce, "Ya ce duka, Kawu."

Ya ce, "To ai naka ne. Na ba ka." Ya ja carbinsa. "Ka dai kawo shi Juma'a in goge, kada a ce mun ba da kaya da datti."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Umma kuwa da ta ji, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Wato ƙanina ya yi shekaru yana ɗaukar mutane farare da baƙaƙe ba wanda ya yi ƙara, sai da ta zo hannunka ta koyi wariya." Na ce mata ita ba ta san harkar ba. Ta ce haka ne, ita tuwo ta sani, kuma in na ci gaba da magana ba zan gan shi ba.

Na yi ta juya abin a raina. Da safe ni ɗan ja ne, da yamma in na ga Kawu yana laluben bango zai tafi masallaci in koma ɗan ɗorawa. A ƙarshe Roni ta yi nasara. Na aika wa mutumin Babura cewa ranar Asabar zan kawo kaya.

Ranar Juma'a Kawu ya goge dogon gilashi, ya daɗe yana gogewa fiye da kullum, bai ce ya fita ba. Na karɓa na koma tsakar gida. Na ce bari in yi ɗaukar bankwana. Akwai wata farar kazar Umma tana tono a gindin turmi, na saita ta na danna. Ta fito kamar hankaka. Na yi tsaki, na ce wa kyamarar kin ga halinki ko, har kaza ba ki bari ba. Cikin haushi na sa yatsa na murza 'yar tayar nan, ba don komai ba, kamar yadda mutum ke harbin dutse in ya yi tuntuɓe. Na sake dannawa. Kaza ta fito fara tas, har ana ganin jan tukkunta. Na murza hagu, hankaka. Na murza dama, kaza. Na zauna a kan turmi ina mayar da kazar nan hankaka ina dawo da ita, har ta gaji ta bar wurin.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? In je benci in ce jama'a, ashe yatsana ne? Da sun yi mini waƙa. In je wa Hajiya da bayanin taya mai haƙora? Ita igiya ta sani. Garin nan kaf an riga an yanke hukunci, kuma ba a kan hoto aka yanke shi ba, a kan abin da ke rataye a wuya.

Sai na ce to, tunda igiya suke so, igiya za su samu.

Mai shagon wankin hoto yana da wani kwali a ƙarƙashin tebur inda yake zuba tarkacen matattun kyamarori. Na tona na samo wata jar igiya da ta sha gumin wani, na ce masa zan ɗaure akwati da ita. Na wanke ta da sabulu na shanya a bayan ɗaki. Na cire ta ɗorawa na ɗaura ja. Sunan kamfani da ke goshin kyamara na rufe shi da baƙin tef irin na masu gyaran waya, na ce ko an tambaya, don kada ya karce ne. Ranar Asabar na aika wa mutumin Babura cewa na fasa, wani abokin Kawu ya yi mini hanyar ja daga Kano. Hajiya kuma na je da kaina, na durƙusa, igiyar tana lilo a ƙirjina.

Ta ce, "Yauwa, ɗan albarka. Ka ga yanzu ka yi kama da mai hoto."

Ranar wuni a Roni na murza tayar nan dama, na ƙara murzawa, na sake ƙarawa don tsaro. Duk wadda na ɗauka sai ta zo ta leƙa allo ta yi guɗa. Wata tsohuwa da ta fi daren damina duhu ta ga kanta ta ce, "Ikon Allah, haka nake lokacin ina budurwa." Suka yi ta kiran juna. "Zo ki ga aikin ja! Ai wancan karon kyamarar ce, yaron yana da hannu." Har uwar amaryar Gwiwa tana wurin, ta ƙi gaishe ni amma ta shiga layi sau biyu.

Mutumin Babura shi aka ba wa ɓangaren maza, don ba a barin gardi ya shiga cikin gida. Da yamma da za a fito da amarya ta yi hoto da ango a ƙofar zaure, muka haɗu. Ya kalli igiya, ya kalli kyamara, ya kalli dogon gilashin da ya kwana yana mafarkinsa. Mai hoto ko a duhu ya san jikin ɗorawa da na ja. Fuskarsa ta kumbura.

Ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, yaron nan ya yaudare ku! Wannan tsohuwar ɗorawarsa ce, igiya kawai ya sauya!"

Na fara duba ta inda zan bi in na ruga. Hajiya ta juyo a hankali, gwala-gwalanta suna ƙara.

Ta ce, "Malam, igiyar nan wace kala ce?"

Ya ce, "Ja ce, ranki ya daɗe, amma ai ba igiyar ba ce ke…"

Ta ce, "Kai ne ka zauna a zauren nan ka ce mana mu duba igiya, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, amma…"

"Yaro, nuna masa."

Na juya masa allo. Ga amarya nan fara sol kamar an wanke ta da madara. Hajiya ta ce, "Ba kai ka ce ɗorawa ba ta iya wannan ba? To in ɗorawa ce, wa ya yi wannan, aljani?"

In ya ce ɗorawa ce ta yi, ya ƙaryata wa'azinsa na wata da watanni. In ya ce ja ce, ya wanke ni. Ya tsaya yana laluben aljihunansa ɗaya bayan ɗaya kamar amsar tana ciki. Wata ƙawar amarya ta ce, "Baƙin ciki ne kawai, ya ga yaro ya fi shi." Wata ta ce, "Dama rigar nan tasa ban yarda da ita ba." Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar maraya, na ce, "Ba komai, Hajiya, babba ne, ya isa ya faɗa mini komai." Da Umma ta ji muryar da na yi wannan magana da ita, da ta jefe ni da muciya.

Ba zan ce aikin ya fita babu aibi ba. Ango ya sa farar shadda, an yi mata aiki tun daga wuya har ciki, ya tsaya a jikin farin bango. Da aka wanke hotuna rigar ta narke cikin bangon, sai kai da hula suna shawagi a gefen amarya. Ya zo har shago yana faɗa, wai ina aikin da ya biya maɗinki. Aka ce masa ya yi haƙuri, haka ja take, haskenta yawa gare shi. Ba wanda ya damu da ango a hoton biki, shi ma daga baya ya gane haka.

A benci 'yan ja suka ƙi karɓa ta, 'yan ɗorawa suka ce na ci amanar igiya. Sai na koma zama a kan bokitin fenti a tsakiya, inda na fi jin daɗin kallon su duka.

Juma'ar da ta biyo na kai wa Kawu jaka. Ya laluba ya ciro dogon gilashi, ya riƙe shi, bai tambaye ni yadda aka yi ya kwana a gida ba. Ya hura, ya goge, ya ɗaga sama ya ce, "Yanzu ya fita." Sannan hannunsa ya faɗa kan igiya. Ya murza ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Tawa ta fi laushi."

Na ce, "Ta tsufa ne, Kawu, na sauya."

Ya ce, "Wace kala ce?"

Na ce, "Mai kyau ce."

Ban sauya kyamara ba. Ita ce dai ta Kawu, da tef a goshi da jar igiya a wuya, kuma har yau matan Roni suna cewa tun da na bar ɗorawa hannuna ya gyaru. Tsohuwar igiyar kuwa Umma ta ɗauka, da ita take ɗaure akuyarta a gindin turke.